Kyanwar Inna da Kujerun Falo

Shekara talatin ina cinikin kifi. Ka rufe mini ido ka miƙo mini banda, zan gaya maka ko tarwaɗa ce ko ragon ruwa, in gaya maka ko da itacen kirki aka gasa ta ko hayaƙin kara kawai aka nuna mata. Amma yadin kujera ban san komai a kansa ba, kuma da an bar ni, da haka zan koma ga Allah ban sani ba. Uwata da matata da wata kyanwa mai launin toka su suka sa ni karatun dole.

Tun da na gina gidan nan na Badariya falonmu yake tsirara. Tabarma biyu, benci ɗaya, sai kujerun roba huɗu da rabin rayuwarsu a gidajen maƙwabta suke yin ta, yau suna, gobe zaman makoki. Matata ba mai yawan magana ba ce a kan abin da take so, kuma wannan ya fi maganar ciwo. In mun je barka gidan wani muka dawo, sai ta tsaya a ƙofar falo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta sauke numfashi, ta wuce kicin. Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan numfashin. A shekarar da nake ba da labari kasuwa ta ɗan yi kyau, na ce mata to bismillah, a gyara falo, in huta.

A wannan shekarar kuma damina ta kayar da katangar gidanmu na Argungu, inda Inna take zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Ɗakin da take kwana ma ya tsage daga sama har ƙasa, kana ciki kana hango mai wucewa. Sau uku ina zuwa ina roƙon ta dawo wurina.

To a nan sai na yi bayanin wani abu. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye sai ta kama dole. Da can in tana da saƙo, Baba take faɗa wa ina zaune ina ji. Da Baba ya rasu sai ta mayar da aikin kan kyanwarta, wadda take kira mussa irin na mutanenmu. A zuwa na uku, ina durƙushe a tsakar gida, ta dubi kyanwar ta ce, "Mussa, an ce a kai mu birni. In an ce ban da ke, ni ma ba ni zuwa."

Na ce, "Inna, wa ya ce ban da ita?"

Ta ce wa kyanwar, "Kin ji dai da kunnenki."

Haka muka shigo Birnin Kebbi, Inna a gaban mota, kyanwa a cikin kwando an rufe da zane, tana kuka tun daga Argungu har ƙofar gidana.

Aikin falo ya ci mini watanni. Fenti kaɗai sai da muka yi kwana huɗu ba ma gaisuwar kirki. Ni na ce shuɗi, don shi ne ba ya nuna datti. Ita ta ce shuɗi na shagon mai aski ne, ruwan madara take so. Aka yi ruwan madara. Labule sau uku ina komawa kasuwa, na farko ya yi duhu, na biyu ya yi haske, na uku na ce ta je da kanta, ta dawo da wanda ni a idona shi ne na farkon. Aka shimfiɗa kafet. Aka rataya agogon bango da ke waƙa duk awa. Aka kawo furen roba a cikin tulu aka ajiye a kusurwa, na tambaya amfaninsa, aka ce in bar abin da ban sani ba.

Sai kujeru. Akwai wani mai yin kujeru a hanyar kasuwa, Kirista ne mutumin Filato, ya fi shekara ashirin a garin nan, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Alhaji yake ce mini ko da yake ya san ban je Makka ba, ni kuma ina ce masa Oga. Muka je da matata. Ta zaga, ta shafa wannan, ta zauna a wancan, can ta tsaya a gaban wani karammiski ruwan zuma ta ƙi motsi.

Oga ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, kafin in yanka, akwai dabba a gida?"

Na ce babu. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Ni a wurina dabba ita ce akuya da tunkiya, abin da ake ɗaurewa a turke, kuma awakina biyu tun bara na sayar. Kyanwa ko a raina ba ta zo ba. Matata kuwa hankalinta na kan karammiski, ko bam aka tayar ba za ta ji ba.

Ranar da aka kawo kujerun a keke, sai da maƙwabta suka fito. Doguwa mai cin mutum uku, matsakaiciya, da ƙanana biyu. Matata ta sa aka juya su ya fi sau goma kafin ta yarda. Ta nuna ƙaramar da ke kusa da taga ta ce, "Wannan taka ce, maigida." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Kullum in na dawo daga rumfar kifi da la'asar sai in faɗa cikinta yadda nake, in miƙe ƙafa, a kawo mini ruwa. Na ce ashe abin da masu kuɗi ke ji ke nan.

Kwana tara aka yi. A na goma na dawo na tarar da matata tsaye a tsakiyar falo, hannu a ƙugu. Hannun kujerata na dama ya zama kamar gashin masara, zare na lilo, soso ya leƙo. Kyanwa na kwance a kan kafet tana lasar ƙafa kamar wadda ta gama aikin lada.

Matata ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, kuma ranar ma ba ta yi ba. Ni ta ɗaga wa, a daidai ƙarfin da zai kai ɗakin Inna.

"Shekara goma sha ɗaya nake jira. Kwana tara! Ko dai wagga dabba ta bar gidan nan, ko a kira mai keke shi kwashe kujerun, mu koma tabarmarmu, in san ban da rabo."

Na ce ta yi a hankali. Ta ce a hankalin take.

Da na shiga gaida Inna, sai na ga ta jawo ƙunshin kayanta daga ƙarƙashin gado, wanda ta zo da shi daga Argungu, ta ɗaure bakinsa ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Tana shafa kan kyanwar tana cewa, "Mussa, mun yi ɓarna gidan mutane. Mu da muke da namu gida."

Na ce, "Inna, wane gida? Ɗakin da ya tsage? Ga damina tafe."

Ta ce wa kyanwar, "Tsagagge dai namu ne."

Ni na san Inna. Ba ta barazana. In ta ce za ta tafi, ɗan kabu-kabu za ta tsayar ta hau har tasha, kuma ruwan farko a ƙarƙashin wannan bangon zai same ta. Na fito na tsaya a tsakar gida, ga falo a dama, ga ɗakin Inna a hagu, na rasa wanda zan shiga.

Babu abin da ban gwada ba. Aka ce in rufe ƙofar falo. Bazara ce, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, in ka rufe ƙofa da taga falon nan tanda yake komawa. Muka bar taga kaɗan, ta nan take shiga. Wani a kasuwa ya ce in barbaɗa garin barkono. Na barbaɗa. Kyanwa ba ta ko yi tari ba, ni na yi kwana biyu ina atishawa, ido jawur, matata na tambaya ko wannan ma cikin gyaran falon ne. Na lulluɓe kujerar da babbar leda, na zauna a kai, zufa ta manne ni har sai da na tashi da ita a bayana. Da safe an yage ledar an ci gaba da aiki daga inda aka tsaya. Wani abokina manomin shinkafa a Zauro ya ce in kawo masa ita, ɓeraye sun dame shi a rumbu. Na kwana biyu ina juya maganar. Ban san yadda Inna ta ji ba, amma a rana ta uku ƙunshin ya tashi daga tsakiyar ɗaki ya koma bakin ƙofa.

Na koma wurin Oga na faɗa masa gaskiya. Ya ajiye gudumarsa ya kama kai.

"Alhaji, ban tambaye ka ba? Da bakina na tambaye ka."

"Ka ce dabba."

"To kyanwa mene ne, limamin unguwa?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce karammiski mai dogon gashi irin wanda muka ɗauka yana riƙe gashin dabba, kuma farce na samun wurin kamawa. Ya ce ledar kujera tana gogewa da sauƙi, amma farce ɗaya ya huda ta shi ke nan, ga zafin garinmu da ke sa ta tsattsage. Ya ce abin da ake nema shi ne yadi mai matsattsen saƙa, wanda in ka ja farcenka a kai ba ya kama zare. Shi karnuka biyu gare shi a gida, suna hawa kujerarsa, shekara shida ba abin da ta yi. Ni ban ce komai ba game da kare a kan kujera, kowa da gidansa.

Sai dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin ba dabarar banza ba ce. Na ce ya yanko mini ƙyalle daga kowane yadi mai ƙarfi da yake da shi, in kai wa mai ɓarnar ta zaɓa da kanta. Wanda ta ƙyale shi za a sa. Ya yi dariya ya yanko guda biyar. Na cusa su a aljihun rigata, na wuce rumfa na yi cinikin yini, da yamma na zo gida na sami wani katako na buga su a jere da ƙusa, na jingina a bangon falo.

Matata ta ce, "Yanzu mussa ce za ta zaɓa mini kujera?"

Na ce, "Ke kin zaɓa mun gani."

Ban kyauta ba, kuma tuwon ranar ya gaya mini haka.

Washegari duka biyar ɗin sun tashi aiki. Har da wani mai kauri kamar tamfol, wanda Oga ya rantse karnukansa sun gaza da shi, ta tauna gefensa ta tsotse. Matata ta ɗaga katakon ta kai tsakar gida ta jingina inda kowa zai gani. Kafin azahar ƙunshin Inna ya fito baranda, takalmanta a kai. Ta ce wa kyanwar, "Jibi Juma'a. In an sauko masallaci motocin Argungu ba su wuyar samu."

Na kira Oga a waya na ce ya zo ya ɗauki kujerarsa, ko ya gyara ko ya ƙona, ni na gaji. Ya ce shi bai yarda ba, sai ya ga kyanwar nan da idonsa.

Ya zo ranar Alhamis da hantsi, da jakarsa. Ya gaida Inna har ƙasa, ya gaida matata, muka shiga falo. Ya zaro sababbin ƙyallaye, irin waɗancan biyar ɗin dai, ya shimfiɗa a kan kafet. Aka kawo kyanwa. Ta zo ta shinshina na farko, ta shinshina na biyu, ta taka sauran ta wuce, ta je ta kwanta a ƙarƙashin furen roba.

Na ce, "Kunyar baƙo take ji."

Oga ya dubi sauran kujerun. Ya tashi ya zaga doguwar kujera, ya shafa hannayenta. Lafiya lau. Ya duba matsakaiciya, ya duba ɗaya ƙaramar. Ko zare ɗaya bai tashi ba. Mu duk kwanakin nan idonmu na kan wadda aka yaga, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa aka bar sauran. Ya dawo kan tawa, ya durƙusa, ya kai hancinsa daidai inda nake ɗora hannu. Ya ɗago da sauri.

"Wa ke zama a nan?"

Matata ta ce, "Maigida."

"Ƙyallayen da na ba ka shekaranjiya, a ina ka sa su?"

Na ce a aljihu.

"Aljihun wace riga?"

Na dubi rigar da ke jikina. Ita ce. Da ita nake ɗaga kwalin banda, a jikinta nake goge hannu in na juya kifi, man tarwaɗa ya ratsa ta har ta canja launi.

Oga ya yi ta neman yadda zai faɗa, don mutum ne mai ladabi. Can ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Wannan ba kujera ba ce a wurinta. Banda ce babba, an kawo mata har gida, tana neman ta inda za ta buɗe."

Na ce ni ba na jin wani ƙarni. Ya ce ai ba zan ji ba. Na juya ga matata, ta ce ita ma tun shekarar farko ta aurenmu hancinta ya daina ji. Tana faɗa tana danne baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sai muka ji murya daga baranda. Inna ce, tana zaune kusa da ƙunshinta, kyanwar ta fita ta hau cinyarta.

"Mussa, shekara arba'in da wani abu na zamna da masunci. Ko sau guda bai shigo mini ɗaki da rigar ruwa ba. Ƙusa tana zaure, nan yaka rataye ta, shi wanke hannu da toka da lemun tsami, kana shi shigo. Ƙusar tana nan har yau, in bangon bai hwaɗi da ita ba."

Na fito baranda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, kin sani? Tun ranar farko kin sani? Na sha barkono, na zauna a leda, na kusa kai ta Zauro, kina kallo?"

Ta kau da fuska wajen katanga. Ta ce, "Mussa, a ina kika taɓa jin uwa ta dubi ɗan fari ta ce mishi yana ƙarni?"

Wato ta gwammace ta koma ƙarƙashin tsagaggen bango da ta faɗa mini wannan kalma ɗaya. Na tuna ƙusar nan sarai. Ina yaro ina ganin rigar Baba a rataye a zaure, kullum, ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka wurin ajiyarta ke nan.

Oga ya tafi bai ɗauki yagaggiyar kujerar ba. Ya ce tawa ba ta gyaruwa, man kifi ya shiga har cikin soso, ko an sake yadi kyanwa za ta gane. Ya ƙera sabuwa. Sauran kuma ya ɗinka musu riguna masu zif da yadin nan mai matsattsen saƙa, waɗanda ake cirewa a wanke. Wajen launi aka sake sabon rikici. Shi ya ce a ɗauki ruwan toka, don gashin kyanwar ba zai nuna ba. Matata ta ce ita ba ta yi fenti ruwan madara don ta zuba toka a kai ba. Suka yi ta yi ina zaune ba wanda ya tambaye ni. A ƙarshe aka ɗauki wani da ita take kira ruwan ƙasa, shi yake kira ruwan toka mai duhu. In manyan baƙi za su zo sai ta zuge zif ta fito da karammiskinta, suna fita ta mayar. Ya kuma kawo wani guntun kututturen giginya ya ajiye a baranda, ya ce kowace kyanwa tana son abin da za ta wasa farce.

Ƙusa kuwa matata ce ta buga ta da hannunta a zaure, ba ta jira kafinta ba. Ta ajiye bokiti, da sabulu, da lemun tsami a yanke. Doka ta fito: ba mai shiga falo da rigar rumfa. Ba sai an faɗi wanda ake nufi ba, mutum ɗaya ne a gidan yake zuwa rumfa.

Ranar Juma'ar da Inna ta ambata na dawo daga masallaci da sauri. Na leƙa baranda, ba ƙunshi. Na kusa juyawa in bi hanyar tasha, sai na hango zannuwan Inna guda uku a kan igiya, an wanke an shanya, takalmanta a ƙofar ɗakinta. Ita kuma tana cikin falo, karo na farko tun da aka gyara shi, a ƙasa kan kafet ta jingina da doguwar kujera, matata na nuna mata yadda agogo ke waƙa. Damina ta sauka bayan sati uku. Wani ɗan'uwanmu ya aiko daga Argungu cewa bangon ɗakin ya zube a ruwa na biyu. Na faɗa wa Inna. Ta ce wa kyanwar Allah ya kyauta.

Yagaggiyar kujerar tana baranda har yanzu, ba wanda ya yarda a jefar. Yawancin ranaku in na dawo daga rumfa, ƙafafuna sun yi nauyi, in na dubi bokitin nan da lemun tsamin nan sai in ji ba zan iya ba tukuna. Sai in wuce baranda da rigata in zauna a cikinta, soso na leƙowa ta ƙarƙashin hannuna. Ta taga ina jin su a falon da na gyara, fanka na juyawa, suna kallon talabijin suna dariya. Kyanwar kuwa ko kallon kujerunsu ba ta yi. Da ta ji ƙarar babur ɗina take fitowa, ta haye cinyata, ta tura kai cikin aljihu. In ture ta, ta dawo. In sake ture ta, sai in ji muryar Inna daga ciki:

"Mussa, yi haƙuri da shi. Gajiya ce."